Zanen Bango a Kano: Baƙo ne ko Ɗan Gida?

Da zarar an ga matashi a kan tsani, riƙe da burushi da gwangwanin fenti, yana ƙawata katangar makaranta ko bangon wani gini a bakin titi, sai majalisar unguwa ta rabu. Wani ya sa masa albarka. Wani ya ce kwaikwayon Turawa ne da yaran zamani suka gani a waya. Wani ya ce haramun ne, ya ja tsaki ya wuce. Akwai kuma mai tambayar wa ya biya kuɗin fentin, don ya tabbata ba a yin komai a garin nan sai da ɗan siyasa a baya. To shin zanen bango baƙon abu ne a Kano? Daga ina masu yinsa suke samo abin da suke zanawa? Kuma me ya sa wani zanen yake shekaru ba a taɓa shi ba, wani kuwa ko sati ba ya yi sai an lulluɓe shi da fasta?

Me ake nufi da zanen bango?

Ba duk abin da aka shafa a katanga ne ake nufi ba. Bangon Kano cike yake da rubutu: "Ba a fitsari a nan", "An hana zuba shara", "Wannan gida ba na sayarwa ba ne", lambar wayar mai yashe masai, tallar maganin basir, sunan ɗan takarar kansila. Waɗannan saƙo ne, aikinsu ya ƙare da zarar an karanta. Akwai kuma tallar kamfanoni, inda ake fente shagon mutum baki ɗaya da launin kamfanin waya ko na sinadarin ɗanɗano, mai shago ya samu fenti kyauta, kamfani ya samu allo kyauta.

Zanen bango da muke magana a kansa shi ne wanda aka tsara shi tun farko don wannan bangon, aka yi shi da hannu, a inda kowa zai gani ba tare da ya biya ko sisi ba, kuma da izinin mai wurin. Izinin nan shi ne ya raba shi da kwarzanen da yara suke yi da gawayi ko fentin feshi cikin dare. Idan kuma aka ce na al'umma ne, ana nufin mutanen wurin suna da ta cewa a kansa: an tambaye su, ko sun sa hannu, ko aƙalla labarinsu ne a jiki.

Kafin fenti ya zo, akwai magini

Mai cewa abin na Turawa ne ya shiga cikin gari ya ɗaga kai. Bahaushe ya daɗe yana magana da fuskar gidansa. A ginin ƙasa na dā, bayan an jera tubali an yi yaɓe, magini ba ya sauka sai ya yi wa ƙofar soro ado. Tun ƙasar tana ɗanya yake bin ta da yatsa da wuƙa, ya tayar da wani wuri ya kwantar da wani, har zane ya fito. A saman ginin ya kafa zankwaye. A ciki kuwa, idan mai gida mai hali ne, a yi masa ɗaurin guga da azarar giginya, a bi bakunan da launi.

Abin da ya fi burge ni a wannan sana'a shi ne yadda ta haɗa masu sana'o'in gari wuri guda. Makuba, wadda ake shafe bango da ita don ya jure ruwa ya kuma yi duhu mai sheƙi, daga ɓawon ɗorawa ake samunta. Laso, wanda shi ne simintin mutanen dā, haɗi ne na katsi da gashin jima da dafara. Katsi kuwa guiɓar da ke taruwa ce a gindin rijiyar marina, gashin kuma daga majema yake zuwa. Ke nan adon soro guda ɗaya yana ɗauke da hannun marini irin na Ƙofar Mata, da na majemi, da na magini. Farar ƙasa da jar ƙasa da shuni su ne launukan. Sana'ar tana da shugabanci, akwai Sarkin Magina, kuma ana gadonta. Sunan Muhammadu Durugu, Babban Gwani, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, har yau ba ya ɓacewa idan ana zancen ginin Hausa.

Shaidar tana tsaye. Ga Gidan Makama, da ake danganta asalinsa da zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Ga sorayen Gidan Rumfa, irin su Soron Ingila, da adon cikinsu. Ga Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa, inda Baturen nan Hanns Vischer ya zauna lokacin da ya buɗe makarantar boko a 1909, gidan da fuskarsa kaf zane ce. Wato shi Baturen ma a gidan da maginan Kano suka zana ya zauna.

Kuma kada a ɗauka adon nan tsayayye ne da ba ya karɓar sabon abu. A ƙarni na 20, da kuɗin gyada da fatauci suka shigo hannun mutane, sai fuskokin gidaje a biranen Hausa suka fara ɗaukar keke da mota da jirgin sama da agogo, a gefen takobi da dagi. Ɗan kasuwa ya sayi keke, sai magini ya ɗora masa keken a saman ƙofa, kowa ya sani. Da siminti ya zo, aka koma karce zane a jikinsa kafin ya bushe, a bi shi da fenti. Abin da ya kashe kasuwar ba fatawa ba ce. Bulo ne da kwano, da ɗabi'ar kewaye gida da doguwar katanga da get ɗin ƙarfe, da tayil da ake mannawa a fuskar gida. Soro ya ja baya, adon soro ya bi shi.

Rijiyoyin da masu zanen yau suke ɗiba

Masu zane a Kano ba daga ƙofa ɗaya suka shigo ba. Akwai waɗanda suka yi karatun abin, a sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ko a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kano, ko a kwalejojin horar da malamai. Zariya tana da tarihi a nan: a 1958 wasu ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar da ta ce ba za ta tsaya ga kwaikwayon malamanta Turawa ba, za ta haɗa dabarar makaranta da zanen gida. Wannan tunani har yanzu shi ne jarin mai zane ɗan boko.

Amma mafi yawa a wurin maigida suka koya, a ɗan shagon rubutun allo, inda ake rubuta sunan shago, a zana kawunan aski a ƙofar mai aski, a yi wa makarantar kuɗi A da B da lemo da ƙwallo a katanga. Waɗannan su ne injin buga bana, wato ƙyallen talla, ya fi cutarwa. Aikin da mutum zai yi kwana uku a kai, yanzu kwamfuta ta tsara shi inji ya fitar cikin awa guda. Katanga mai faɗi ita ce wurin da ya rage da hannu ya fi inji, shi ya sa da yawansu suka karkata can.

Abin zanawa kuwa, rijiya ta farko ita ce zayyana. Wanda ya taso a Kano ya ga allon sauka, ya ga yadda alaramma yake ƙawata farkon sura da alamar hizbi da ja da rawaya da kore, layi yana shiga ƙarƙashin layi ba a gane inda ya fara. Idon da ya saba da wannan ba ya buƙatar a koya masa daidaita zane a fili. Ta biyu ita ce sutura: aska biyu da aska takwas a ƙirjin babbar riga, ɗinkin hula, zanen ƙwarya, aikin dukawa a jikin fata, lallen amare. Dagi, wanda gwamnatin Jihar Arewa ta mayar tambarinta a zamanin Sardauna, yana yawo a duk waɗannan, shi ya sa da wuya ka ga zanen da ake so ya ce "na Arewa ne" babu shi. Har ma na fara gajiya da shi, gaskiya. Ya zama abin da ake jefawa idan tunani ya ƙare, alhali adon maginanmu yana da siffofi da yawa da ba a waiwaya.

Sai garin kansa. Dutsen Dala, ƙofofin ganuwa, rijiyoyin marina, dalar gyada da yanzu sai a hoto, da uwa uba hawan sallah: doki da kayansa, ɗan lifidi, dogari da jar riga, mai kakaki. Hawan Daushe kaɗai ya ishi mai zane abin yi na shekara. Sai mutane irin su Malam Aminu Kano da Janar Murtala, waɗanda fuskokinsu ba sa buƙatar a rubuta suna a ƙasa.

Akwai rijiyar da ba a cika ambata ba saboda ana raina ta: bayan babbar mota. Masu fentin gingimari sun daɗe suna zana zaki da dawisu da fure, su ɗora karin magana a kai. Wannan zanen jama'a ne na gaske, sai dai shi bangon ne yake tafiya. Adon A Daidaita Sahu ƙaninsa ne.

Waya ta zo daga baya. Ita ta nuna wa matashi cewa ana iya cike bene mai hawa huɗu da hoto guda, ita ce kuma kasuwarsa, don hoton aikin da ya saka a Instagram shi yake kawo masa na gaba. Illarta ita ce kwafe. Sai ka ga zanen da aka yi don wani lungu a Amurka an manna shi a Kano, ba ya ce wa kowa komai.

Maganar addini

Nan ne aka fi yi wa abin kuɗin goro. Hadisan da suka yi gargaɗi mai tsanani ga masu sura ingantattu ne, suna cikin Bukhari da Muslim, babu mai musu. Amma a cikinsu akwai wanda wani mai sana'ar zane ya zo wa Abdullahi ɗan Abbas yana cewa da ita yake ci, sai ya ba shi mafita: idan ba makawa, ya zana bishiya da duk abin da ba shi da rai. Saboda haka zayyana, rubutu, gini, tsiro, dutse, ƙofar gari, babu saɓani a kan halaccinsu.

Saɓanin yana kan mai rai. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta zaurukan Kano, abin da aka haramta kai tsaye shi ne gunki mai jiki, mai inuwa, cikakken halitta. Zanen shafe da ba shi da inuwa, sanannen hukuncinsa karhanci ne idan an ɗaukaka shi, kuma Risala ta ambaci bango a cikin wuraren da ake ƙin sanya sura. Wasu malaman, musamman masu bin fahimtar sauran mazhabobi, suna haramta zanen mai rai ko da shafe ne. Wanda ya tuna yadda Hisbah ta hana teloli da masu kanti amfani da mutum-mutumin tallar kaya mai kai a 2021 ya san cewa batun sura a garin nan ba na wasa ba ne.

Masu zane sun san wannan fiye da masu yi musu wa'azi. Dabarunsu su ne a zana mahayi daga baya, ko a rufe fuska da amawali, ko a bar mutum a matsayin inuwa baƙa ba ido ba hanci, ko a bar mutane gaba ɗaya a koma zayyana. Wanda yake da hankali kuma ba zai kai hoton mutum katangar da ke kallon masallaci ko Islamiyya ba. Abin da ke ba ni mamaki shi ne mutumin da zai tayar da jijiyar wuya a kan zanen doki, amma katangar gidansa tana ɗauke da fuskar ɗan takara guda ashirin bai ce uffan ba.

Ba mu kaɗai ne Musulmin da suka yi wannan muhawara ba. A kudancin Masar ana zana wa alhaji tafiyarsa a bangon gida, da Ka'aba da jirgin da ya hau. A yankin Asir na Saudiyya mata ne suke zane ɗakuna da siffofi marasa rai, har UNESCO ta sa sana'ar a jerin al'adun duniya a 2017.

Bangon na waye?

A ganina, a nan gizo yake saƙa, ba a wurin malamai ba. Shataletalen ƙofar gidan gwamnati ba zanen bango ba ne, amma labarinsa ya isa darasi ga duk mai aikin ado a fili. An gina shi a 2017 don cikar jihar shekara 50, wata mace ce ta tsara shi. A watan Yunin 2023 sabuwar gwamnati ta rushe shi cikin dare. Dalilan da aka bayar sun haɗa da cewa tsayinsa yana tare gani yana kuma barazana ga tsaro, sannan sakataren gwamnati na lokacin ya ce idan aka duba shi daga sama ana ganin siffar gicciye. Masu kare shi suka ce siffa ce ta adon gargajiya. Daga baya gwamnati ta ce za a sake gina shi a wani wurin. Ko wane ɓangare mutum yake, abu biyu sun fito: aikin da aka san shi da sunan gwamnati ɗaya yana iya tafiya tare da ita, kuma siffar da mai zane ya yi da wata niyya, wani zai iya karanta ta da wata.

Launi ma a Kano ba ya tsira. Ja da fari suna da ma'anar da kowa ya sani tun da jar hula ta zama alama, har aka riƙa rubuta Kwankwasiyya a rufin gine-ginen gwamnati tsakanin 2011 da 2015. Kafin nan an yi tauraron NEPU, an yi mabuɗin PRP, an yi gida da masara na NPN. Mai zane yana iya zaɓar launi don ya dace da idonsa, gobe ya ji an ce ɗan wane ne.

Sai batun izini. Katangar gida ta mai gida ce. Ta makarantar gwamnati tana ƙarƙashin hukumar ilimi, ba shugaban makaranta kaɗai ba. Gada da ƙasan gada na gwamnati ne, kuma duk abin da ya shafi fasalin gari akwai hannun KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano. Ganuwa da Gidan Makama kayan tarihi ne na ƙasa da ke ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta tarayya, ba wurin gwada burushi ba ne, ko da niyyar mai kyau ce. Amma takardar ofis ba ta hana yaro jifan zane da taɓo. Abin da ke hanawa shi ne mai unguwa ya sani, liman ya sani, matasan da suke zama a gindin katangar su ne suka riƙe tsani suka kankare bangon.

Kuɗin aiki kuwa yawanci daga ɗayan uku yake zuwa: ƙungiyoyin tallafi masu son isar da saƙon rigakafi ko tsafta ko karatun 'ya'ya mata, kamfani, ko ɗan siyasa. Kowannensu da abin da yake so a gani. Zanen ƙungiya yana da amfani a gari da mutane da yawa ba sa karanta boko, kuma wanda ya ga irin faɗi-tashin da aka yi kan allurar shan inna, daga ƙauracewar 2003 har zuwa 2020 da aka tabbatar cutar ta bar Najeriya, ba zai raina hoto mai bayani ba. Sai dai irin wannan zane sau da yawa a ofis ake tsara shi, a miƙo wa mai zane ya kwafa, tambarin masu ba da kuɗi ya cinye kwata na bangon. Mutanen unguwa suna kiransa da sunan ƙungiyar, ba sa cewa namu.

Dakar ta gwada wata hanya

A ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon 1990, matasan Dakar ta Senegal suka gaji da ƙazanta da halin ko-in-kula na hukuma, suka fara abin da suka kira Set Setal, wato tsafta da tsaftacewa a harshen Wolof. Su kwashe shara, su yashe kwata, sannan su zane bangon da shehunnansu irin su Ahmadu Bamba, da jaruman tarihi, da gargaɗin lafiya. Ba gwamnati ce ta ba da kwangila ba, karo-karo aka yi. Gari ne na Musulmi, mai zafi da ƙura da cunkoso, shi ya sa misalinsa ya fi kusa da mu a kan na Meziko, inda gwamnati ce ta ɗauki su Diego Rivera aiki a shekarun 1920 su zana tarihin ƙasa a gine-ginenta, ko na Legas, inda aka zane ginshiƙan gadar Falomo a 2017 lokacin bikin cikar jihar shekara 50. Mu ma muna da aikin gayya da ƙungiyoyin taimakon kai da kai da suke yashe magudanai kafin damina. Abin da Dakar ta ƙara kawai shi ne gwangwanin fenti bayan an ajiye shebur.

Me talaka zai gani a ƙasa?

Ba zan ce zane yana maganin talauci ko daba ba. Abin da yake iya yi ƙarami ne. Kusurwar da aka share aka zane, mutane suna jin nauyin zuba mata shara ko tsugunawa a gindinta, aƙalla muddin tana da kyan gani. Yaron da bai taɓa shiga Gidan Makama ba zai ga Ƙofar Na'isa ko Dala a katangar makarantarsu ya tambaya. Mai zane ya samu aiki, ya ɗauki yara biyu ko uku suna haɗa masa fenti, haka shi ma ya koya. Mai shayi da ke kusa ya samu masu tsayawa ɗaukar hoto.

Masu suka kuma suna da hujjar da ba a ture ta. Makarantar da rufinta yake yoyo, yara suna zaune a ƙasa, a zo a fente mata katangar waje don baƙi su gani, wannan kwalliya ce a kan ƙazanta. Kuma tun da darajar naira ta faɗi a 2023 fenti ya yi tsada, kowane bokiti da aka shafa a bango kuɗin benci ne.

Sannan ga yanayi. Ranar Afrilu da ke haura digiri 40 tana cinye ja da shuɗi. Ƙurar hunturu tana dusashe sauran. Ruwan Agusta yana shiga ta saman katangar da ba a yi mata hula ba, danshi kuma yana hawowa daga ƙasa da gishirinsa ya kumbura fentin ya ɓare. Mai zanen da ya san aikinsa zai ce a kankare tsohon fenti, a toshe tsaga, a bar sabon filasta ya bushe sosai, a sa fentin share fage, a yi aikin bayan ɗaukewar ruwa, a kuma fara zanen daga sama da inda ruwan kwata yake fantsama. Duk wannan kuɗi ne da lokaci, kuma shi ne abin da mai ba da aiki yake fara yankewa idan ana ciniki, don shi ranar buɗewa yake hange. Maginan dā sun san ado ba ya zama da kansa, shi ya sa ake sake yaɓe da shafen makuba kafin damina, kuma mai gida ne yake kiran magini don gidansa ne. A yawancin yarjejeniyar zanen bango ta yau ba a faɗin wanda zai sayi fentin gyara bayan shekara biyu.